Tambarin da ke ƙirjin rigar Ronaldo: ka san daga ina ya fito?

Tsaya ƙarƙashin gadar Ƙofar Nassarawa da yamma, lokacin da 'yan adaidaita ke ta cunkoso, ka ƙirga matasan da za su wuce sanye da jar rigar ƙwallon Fotugal mai lamba 7. Wataƙila kai ma kana da irinta a ɗaki. To ɗauko ta ka duba ƙirjin da kyau. Bayan ƙaramar garkuwar nan akwai jan gicciye mai faɗin baki a kowane ɓangare. Wannan gicciye ya girmi ƙwallon ƙafa da ɗaruruwan shekaru.

A Facebook da TikTok za ka ji ana cewa alamar 'yan Illuminati ce. Ba haka ba ne, kuma gaskiyar ta fi wannan nauyi.

Labarin ya fara ne a Birnin Ƙudus wajen shekarar 1119, bayan mayaƙan Turai sun ƙwace birnin a 1099. Wani Bafaranshe mai suna Hugues de Payns ya haɗa 'yan barade kaɗan, suka yi alkawarin tsare Kiristoci masu zuwa ziyara. Sarki Baldwin na Biyu ya ba su masauki, kuma ka san ina? A cikin Masallacin Al-Aƙsa. Su suna kiran wurin Haikalin Sulaimanu, daga nan suka samu sunan Templar. Farar alkyabbarsu alamar tsarki ce, jan gicciyen da aka ƙara musu wajen 1147 kuma alamar jini ce, wato sun shirya mutuwa a fagen fama.

Ba kullum ake sara da suka ba. Usama bin Munƙiz, wani basaraken Sham da ya yi zamani da su, ya ba da labari a littafinsa cewa idan ya shiga Ƙudus, 'yan Templar kan ba shi wani ɗan wuri kusa da masallacin ya yi salla. Wata rana wani baƙon Bature ya cafke shi yana neman juya shi daga alƙibla, su suka janye mutumin, har suka ba shi haƙuri. Duk da haka, lokacin da Salahuddin Ayyubi ya murƙushe rundunarsu a Hittin a 1187, ya sa aka kashe kusan duk waɗanda ya kama daga cikinsu, don ya san ba sa ajiye takobi.

Abin mamaki, ba Musulmi ne suka kawo ƙarshensu ba. Sun tara dukiya har sarakuna na cin bashinsu. Ranar Juma'a 13 ga Oktoba 1307, Sarki Filib na Huɗu na Faransa, wanda bashi ya yi wa katutu, ya sa aka kama su bisa zargin ridda. Fafaroma ya rushe ƙungiyar a 1312, aka ƙone shugabanta Jacques de Molay a Faris a 1314.

Sai Sarki Dinis na Fotugal ya yi dabara. Maimakon ya bar dukiyarsu ta fita daga ƙasarsa, ya kafa sabuwar ƙungiya a 1319, Ƙungiyar Almasihu, ta gaji gidajensu da gonakinsu. Gicciyenta shi ne wanda ke ƙirjinka. Da kuɗinta Yarima Henri ya riƙa tura jiragen ruwa gaɓar Afirka ta Yamma, kuma da wannan tambari a jikin ƙyallayen jiragensu 'yan Fotugal suka ratsa tekuna. A 1444 jiragensu suka sauke 'yan Afirka sama da 200 a garin Lagos na Fotugal, aka raba su a matsayin bayi. E, Lagos, su ne kuma suka raɗa wa Ikko tamu sunan. Leƙa tambarin Brazil ma, za ka ga gicciyen ya bi su can.

Kamfanoni sun san tambari ba wasa ba ne. A 2014, da Real Madrid ta ƙulla yarjejeniya da wani banki na Abu Dhabi, sai aka cire ɗan gicciyen da ke saman kambinta a katin bankin. Batun ko za ka shiga masallaci da rigar Fotugal kuwa, wannan tambayar malamin unguwarku ce, kuma yanzu idan ka je kana da cikakken bayanin da za ka yi masa.