Garmaho: Akwatin da Ya Adana Muryoyin Jiya

Kalmar garmaho aro ce daga Turanci, amma faifai tamu ce: Bahaushe ya ga kamannin marfin ƙwarya, sai ya raɗa masa suna.

Thomas Edison ne ya ƙirƙiro na'urar naɗar murya a 1877, Emile Berliner ya zo da mai faifai a 1887. A 1906 kamfanin Victor na Amurka ya fito da Victrola, wadda aka ɓoye ƙahonta cikin akwatin katako, ta zama kayan ƙawar falo. Ba ruwanta da lantarki. Da hannu ake wana ta, faifai ya riƙa juyi 78 a minti.

Masu tara ta sun san ladabinta. Allurar ƙarfe sau ɗaya ake amfani da ita, kuma ɗora mata faifan roba irin na Shata ko Ɗan Maraya Jos kashe shi ne.

Abin takaici, namu suna ƙarewa a hannun 'yan jari-bola. Duk faifan da ya fashe, ya tafi da lafazi da kalmomin wani zamani. Wajibi ne jami'o'inmu su tattara abin da ya rage, su kwafe shi a kwamfuta tun da sauran lokaci.