Yadda Wasan Tanis Ya Agaji Mutanen Ostireliya

Mahaifina yakan ce wasa ba ya ciyar da kowa. To, ga wani labari da na kawo masa.

A ƙarshen 2019 zuwa farkon 2020 ne wutar daji ta afka wa ƙasar Ostireliya, ta kashe mutum 33, ta cinye gidaje fiye da 3,000. Ana cikin haka lokacin babbar gasar tanis ta birnin Melbon ya zo. Maimakon a fasa, sai aka mai da ita hanyar tara gudummawa.

Wani ɗan wasan ƙasar, Nick Kyrgios, ya yi alkawarin ba da dala 200 duk sa'ad da ya yi bugun farko abokin karawarsa ya kasa ko taɓa ƙwallon. Ni wannan dabara ce ta fi burge ni, domin kowane bugu sai ya tuna wa 'yan kallo waɗanda suka rasa matsuguni. Ran 15 ga Janairu kuma su Federer da Nadal da Serena Williams suka yi wasan taimako, aka tara kusan dalar Ostireliya miliyan 5.

Baba ya yi shiru, sa'an nan ya tambaye ni, wa ya raba kuɗin?