Hanjin kifi da cimarsa: misalin betta, karfasa da tarwaɗa a Damagaram

1. Gabatarwa

A cikin wannan ƴar maƙala muna son mu nuna cewa ƙirar hanjin kifi ita ke ƙayyade abincin da ya dace da shi. Za mu ɗauki misali daga kifin ado da ake kira betta, sannan mu kwatanta shi da kifaye biyu da aka sani a tabkunan jahar Damagaram, kamar Lasuri da Gidimuni, waɗanda aka sa cikin jerin yarjejeniyar Ramsar a 2005 da 2019.

2. Betta

Betta splendens, sunan da masani Regan ya ba shi a 1910, asalinsa fadamun shinkafa ne na ƙasar Tailan. Tsawonsa bai cika wuce santimita 7 ba. Maci nama ne: tsutsar sauro da ƙananan ƙwari yake kamawa a saman ruwa, don haka hanjinsa gajere ne. Idan aka cika shi da busasshen abinci mai yawan gari, abincin ya kan kumbura, ciki ya cushe, ya danne jakar iskar da ke daidaita masa iyo. Sai a ga kifin yana karkacewa ko yana kasa nutsewa. Masu kiwo su kan hana shi ci kwana 2 ko 3, sannan su koma ba shi kaɗan-kaɗan.

3. Karfasa da tarwaɗa

Karfasa (Oreochromis niloticus) gansakuka da ganye take ci, kuma hanjinta ya ninka tsawon jikinta sau da yawa. Shi ya sa dusar gero ke karɓarta. Tarwaɗa (Clarias gariepinus) kuwa ta fi kusa da betta: tana shaƙar iska daga sama kamar shi, hanjinta gajere ne, kuma tana bukatar abin gina jiki wajen kashi 40 cikin 100 tun tana ƙarama. Dusa tsagwaronta ba ta isarta, sai an haɗa da gara, fara ko garin kifi. Tunkuza ma tana da amfani, amma wadda ta yi fumfuna tana ɗauke da dafin aflatoksin mai lalata hanta.

4. Tasirin ɗari

Zafin jikin kifi na bin na ruwa ne. Betta ya fi son digiri 24 zuwa 28, alhali a Zinder daren Disamba da Janairu ya kan sauka wajen digiri 15. A lokacin narkewar abinci tana raguwa, ragowar kuma ta ruɓe a ƙasa, ta cinye iskar ruwa, ta haifar da amoniya.

5. Kammalawa

Ke nan, ko a kwalba ko a tabki, abu uku ya kamata mai kiwo ya duba kafin ya watsa abinci: irin kifin, sanyin ruwa, da abin da ya rage na jiya.