Ungulu da Kan Zabo

Muna yara, idan Inna ta aike ni kwata sayen kayan ciki, sai na ratsa ta cikin ungulaye kafin in kai teburin mahauci. Ba sa gudun mutum. Su ɗan yi tsalle gefe kamar tsohon da aka tayar daga tabarma, su harare ka, su koma kan tumbin da suke ja. In aka fara wawaso kuwa, fuskar nan tasu marar gashi sai ta yi jajir. Bara na koma kwatar. Shirwa na nan tana shawagi, hankaki na nan, karnuka ma sun ƙaru. Ungulu ko ɗaya. Na ce da wani dattijo da ke wasa wuƙa, "Baba, ina ungulayen wurin nan?" Bai ko ɗago ba ya ce, "Ɗana, ai sun zama kuɗi."

Bahaushe in an cuce shi a ciniki yakan ce an yi masa ungulu da kan zabo. Macuci ya fige ungulu, ya soya, ya ɗora mata kan zabo, tunda ba mai sayen ta da sunanta. Iyakar darajarta ke nan a idon kakanninmu. Yau abin ya juye. Kan ungulu ya fi zabo ɗungurungum tsada, don ana kai shi wurin boka da sunan maganin taɓin hankali, ko farfaɗiya, ko sa'ar kasuwa, ko ganin abin da ke ɓoye. Wai tunda tana hango mushe daga nesa, mai kanta zai hango gobe. Ni dai tunanina, da kan yana hango gobe, da mai shi ba ta sauka kan naman da aka barbaɗa wa guba ba.

Hangen kam akwai shi. Ungulu ba ta jewar banza, gaskiya ne, amma ba ƙasa kaɗai take kallo ba. Tana jira hantsi ya yi, iska mai zafi ta taso, ta buɗe fukafukai ta hau kanta ba tare da wahalar kaɗawa ba, idonta ɗaya a ƙasa ɗaya a kan 'yan'uwanta. Da wata ta zuro ƙafa za ta sauka, na nesa sun gani. Shi ya sa jakin da ya faɗi da safe, kafin azahar an yi masa taro. Sanƙon da muke yi wa dariya kayan aiki ne: kan da ke shiga cikin mushe ba ya son gashi. Bakinta siriri ne, tana tsintar abin da ya maƙale tsakanin ƙasusuwa. Cikinta kuma yana da ruwa mai tsananin tsami da ke kashe ƙwayoyin cuta, har da na saifa mai kashe shanu. Abin da kare zai ci ya yaɗa a gari, ita in ta ci ya ƙare.

Mutanen Indiya sun ga abin da rashinta ke jawowa. A shekarun 1990 ungulayensu suka yi ta mutuwa, har fiye da kashi 95 cikin ɗari suka tafi. Ashe maganin ciwo ne da ake yi wa shanu allurarsa, diclofenac, wanda ke lalata ƙodar duk ungulun da ta ci mushen saniyar. Sai a 2006 aka hana amfani da shi ga dabbobi. Kafin nan mushe ya cika juji, karnukan da ba su da iyayengiji sun hayayyafa, haukan kare ya yawaita.

Tamu gubar da gangan ake sa ta. Wani makiyayi ne da dila ko kare ya dama, ya zuba wa mushe maganin ƙwarin gona, ungulu ta riga kowa zuwa. Wani kuwa ita ɗin yake nema. A Gini Bisau, cikin 2020, an tsinci gawar ungulu fiye da 2,000, da yawansu babu kai. Tun 2015 irin wannan ungulu tamu ta cikin gari take cikin jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa a duniya.

Abin da ya sa ba ta farfaɗowa da sauri yana cikin wata maganar da muke yi kullum: ungulu ta koma gidanta na tsamiya. Muna faɗin haka da ba'a ga wanda ya koma halinsa na da, alhali ita amana ce take riƙewa. Sheƙa ɗaya take komawa shekara da shekaru, can ƙololuwar tsamiya ko kuka ko rimi. Ƙwai ɗaya tal take yi a shekara. Uwa da uba su yi ta karɓa-karɓar kwanci kusan mako bakwai, ɗan ya yi wata uku ko fiye kafin ya tashi. Zabuwa kuwa a damina ɗaya ta cika ƙwarya. Mai gawayin da ya kayar da tsamiya guda ya kashe gidan da ya girme shi.

Ba sai an jira Abuja ba. Gidauniyar kare muhalli ta Najeriya, NCF, ta daɗe tana zama da masu maganin gargajiya a kan su koma ga saiwa da sassaƙe, kuma wasu sun amsa. Amma a ganina maganar Sarkin Fawa ta fi tasiri a kwata. In ya ce ba a kama ungulu a nan, ba a kamawa. In mahauta suka ware gefe guda suna zuba abin da ba a ci, ta samu kalaci. Mai unguwa na iya hana sare itacen da ke da sheƙa, mai shanu ya daina sa wa mushe guba, mai neman magani ya ce wa boka a nemo wani abin.

Da zan bar kwatar, dattijon nan ya nuna mini da tsinin wuƙa wata tsamiya bayan maƙabarta. Ya ce biyu na kwana a can, amma ba ya gaya wa baƙi.