Shin Ko Kun San? Ƙarin Ƙirji da Kan Fara Bayyana a Ido

Shin ko kun san cewa a bayan ƙashin ƙirjinku, gaban zuciya, akwai wata 'yar tsoka da likitoci ke kira taimus? Ita ce daffon sojojin jiki, kamar na Zariya: nan ake horar da wani rukuni na ƙwayoyin garkuwar jiki kafin su fita fagen fama. Sai a 1961 Jacques Miller ya gano aikinta a Landan. Takan kai giram 30 zuwa 40 lokacin balaga, daga nan ta yi ta motsewa, kitse na maye gurbinta.

Ƙari kan fito mata, amma da wuya. A Amurka bai kai mutum 2 cikin miliyan a shekara ba, galibi 'yan shekara 40 zuwa 60. Aƙalla kashi ɗaya bisa uku ba sa jin komai, sai dai a ɗauki hoton ƙirji don wata larura daban a ci karo da shi.

Shin ko kun san cewa sau da yawa ido ne ke fara tona asirinsa? Mutum ya tashi da safe garau, bayan la'asar fatar idonsa ta fara saukowa, yana ganin abu ɗaya ya zama biyu. Ya zauna cin nama, kafin ya gama muƙamuƙi ya gaji, murya ta koma ta hanci. A gida sai a ce iska ce ko sammu, a shiga neman tofi. Alhali ciwon raunin tsoka ne da ake kira mayasteniya, inda garkuwar jiki ke toshe saƙon jijiya zuwa tsoka. Kusan mutum 1 cikin 3 masu ƙarin taimus na da shi, kuma kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na masu wannan ciwo ana samun ƙarin a ƙirjinsu. Shi ya sa likitan da ya san aikinsa kan duba ido, ya rubuta hoton ƙirji, majinyaci na ta mamaki.

Akwai gwajin da ko a zafin Maiduguri na watan Afrilu ba ya gagara: a ɗora ƙanƙara a kan fatar idon da ta sauko na minti 2. Idan ta ɗaga, alama ce mai ƙarfi. Sai gwajin jini ya biyo baya.

Wanda kuwa ya zo da tari da ciwon ƙirji, tarin fuka za a fara zargi, kuma daidai ne, don shi ya fi yawa a nan. Amma idan gwajin kaki ya fito babu komai, magani bai yi ba, ya kamata a sake duba tsakiyar hoton da kyau. Hoton ƙirji na yau da kullum kan tsallake ƙaramin ƙari. Siti sikan, wanda ake yi bayan allurar ruwan da ke haska jijiyoyin jini, shi ke nuna girmansa da ko ya kama maƙwabta. Don irin wannan ake turo mutane Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri daga Yobe, har daga Chadi da Kamaru.

Ba duk inuwar da ta fito a hoton ce ƙarin taimus ba. Tana iya zama sankarar kaluluwa, ko maƙoƙon da ya gangaro ƙirji. A jarirai ma taimus babba ce tun asali, lafiyarta lau. Rashin sanin haka ya sa likitocin Amurka suka yi ta gasa ta jarirai da hasken X-ray har shekarun 1950, wasu yaran suka girma da sankarar tayiroid da ke wuya.

Shin ko kun san cewa ba kullum ake tsira allura a ɗebo tsoka ba? Idan hoto ya nuna ƙarin a dunƙule yake, likitan fiɗa kan cire shi ɗungurungum, sannan a kai ɗakin gwaji. Can ake tantance nau'insa bisa rabe-raben Hukumar Lafiya ta Duniya, a auna nisan da ya yi da matakai 4 da Akira Masaoka na Japan ya tsara a 1981.