Adadin Da Ya Fi Ƙarfin Rumbun Sarki

Duk wanda ya zauna gindin inuwa a Gwashi bayan la'asar ya san dara da gurabenta 30. To, a ce an sa ƙwayar gero ɗaya a gurbi na farko, biyu a na biyu, huɗu a na uku, takwas a na huɗu, ana ninkawa haka har ƙarshe. Da fari abin kamar wasan yara. Amma gurbi na 11 zai ci ƙwaya 1,024, na 21 ya haura miliyan ɗaya. In aka tara na gurabe 30 ɗin duka, ƙwaya 1,073,741,823 ke nan.

Wannan lissafi tsoho ne. Tun a ƙarni na 13 wani malami, Ibn Khallikan, ya rubuta labarin mutumin Indiya da ya ƙago shaɗaranji, wata irin dara mai gida 64. Sarki ya ce ya faɗi tukuicin da yake so. Shi kuwa ya roƙi alkama a bisa wannan ƙa'ida ta ninki. An ce sarki ya raina roƙon, sai da masu lissafinsa suka zauna. Ga abin da ya fito:

18,446,744,073,709,551,615

Alƙaluma 20 ne a jere. Da mutum zai ƙirga ƙwaya ɗaya a kowace daƙiƙa, dare da rana ba hutu, sai ya shekara fiye da biliyan 580 bai gama ba.

Duk da girmansa, ɗalibin ajin yaƙi da jahilci zai iya gane halinsa ba tare da ya iya karanta shi da baki ba. Ya ƙare da 5, saboda haka mutum biyar za su raba shi ba saura, amma mutum biyu ba za su iya ba, dole ƙwaya ɗaya ta rage. In aka haɗa alƙalumansa ɗaya bayan ɗaya za a sami 87. Tun da 87 na rabuwa gida uku, shi ma yana rabuwa gida uku daidai. Haka yake rabuwa gida 17, da 257, da 641. Abin da ya fi ban mamaki shi ne, gida na ƙarshe shi kaɗai ya fi sauran 63 a haɗe, kuma da ƙwaya ɗaya tak ya fi su.

Ninki bai tsaya a kan dara ba. Akwai masu ba da bashin buhun hatsi da damina a biya biyu da kaka, abin da Musulunci ya haramta don riba ce. In manomi ya kasa biya, aka ci gaba da ninka masa duk shekara, kaka ta uku buhu 8 ake bin sa, ta biyar 32. Kaka ta goma kuwa, buhu ɗayan nan ya koma 1,024.