Abin da ke Sa Yaro Ya Riƙe Dukiyar Maigida Kamar Tasa

Ga wata magana da ba ta cikin lissafin farashi, amma tana cin riba fiye da faɗuwar kasuwa. Ita ce maganar yaran shago da yaran rumfa.

Kowa ya san iri biyu. Akwai yaron da ke tashi tsaye in mai saye ya doso, ya yi ciniki, ya bi bashi, ya gaya wa maigida in buhu ya fara jan ƙwari. Akwai kuma mai zaman jiran magariba, in an tambaye shi kaya ya ce sai Alhaji ya dawo. Sau da yawa ba halin yaron ba ne. Bai ga abin da zai samu ba ne in ciniki ya yi kyau.

Ku dubi yadda masu gidan baƙi na Sabo a Ibadan suka riƙe cinikin shanu da goro a shekarun 1960. Falke ya kawo shanu daga arewa, ya sauka gidan maigida. Dillalan maigida su sayar wa mahauta bashi, maigida ya tsaya lamuni. In dillali ya sayar wa wanda ba ya biya, maigida ne zai cika kuɗin. Don haka ba ya wasa da mutanensa. Suna da rabonsu a la'ada, yana ba su masauki da abinci, yakan yi wa wasu aure. Dillali ya san faɗuwar gidan faɗuwarsa ce, shi ya sa yake bin labarin kowane mahauci, wa ke biya, wa ke kwana da kuɗin mutane.

To, abu na farko ke nan, rabo sananne. Malamai suna kiran wata hanya kiradi, mu kuma mukan ce kashi-mu-raba. Maigida ya ba da jari, yaro ya yi juyi, a yanka rabon riba tun farko, rabi ko sulusi. Ba a yanka adadin kuɗi, kashi ake yankawa. Misali, an juya naira 500,000, riba ta fito 90,000, an yi da yaro sulusi, nasa 30,000. In asara ta zo ba da sakacinsa ba, a kan jari take faɗawa, shi kuma ya yi asarar wahalarsa. Yaron da ya san haka ba sai an tashe shi da asuba ba.

Na biyu, ranar sallama. 'Yan kasuwar Ibo sun riƙe wannan da kyau. Ana yin magana da iyayen yaro a kan shekarun da zai yi, sau da yawa biyar zuwa bakwai, in sun cika maigida ya ba shi jari ya buɗe nasa shagon. Mu ma muna sallamar yara, sai dai da yawanmu ba ma faɗin rana. Yaro ya shekara goma yana jin "in Allah Ya yarda", gemu ya fito, zuciya ta mutu. Daga nan ne hannu ke fara shiga aljihun ciniki.

Na uku, a biya haƙƙi a kan lokaci. Kuɗin abinci da na wata kada su zama abin roƙo. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Na huɗu, a ji ta bakinsa. Shi ne ke tsaye gaban masu saye, ya fi maigida sanin atamfar da ake tambaya da wadda ta kwanta. A tambaye shi kafin a tafi sari. In ya yi kuskure a ja shi gefe, kada a zage shi gaban maƙwabtan rumfa. In ya kawo ciniki mai kyau, a yaba masa a gaban mutane, a ɗora da ɗan alheri.

Shawararmu, kafin kasuwa ta gaba kowane maigida ya zaunar da yaronsa gaban shaidu biyu, a rubuta rabonsa da shekarar sallamarsa, kowa ya riƙe takarda ɗaya. Yara kuma ku riƙe amana, don wanda aka sallama da suna mai kyau shi ake ba kaya bashi gobe.

Allah Ya ba da kasuwa mai albarka.